Yadda ake kama hayar ciki da falo a tsakiyar Samaru, Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana gefe ɗaya na titin Sakkwato, garin Samaru da kasuwarsa suna ɗaya gefen. Ɗakunan kwanan cikin makaranta ba sa ɗaukar kowa. Ga ɗaliban digiri na biyu da na uku, wasu da iyalansu, ga ƙananan ma'aikata, ga masu bautar ƙasa, kowa yana neman gidan da zai fito ya taka da ƙafa ya shiga get. Shi ya sa ciki da falo mai kyau a tsakiyar Samaru ba ya daɗewa a kasuwa, kuma shi ya sa ake yawan cutar masu nema, domin wanda aka ce wa wani na nan tafe da kuɗi a hannu yakan biya kafin ya duba. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda kuɗi za su zama abu na ƙarshe da zai bar hannunka.

Ka san abin da kake nema kafin ka kira kowa

Ciki da falo iri biyu ne a bakin dillalai. Akwai wanda ke cikin gidan haya na tsakar gida ɗaya, kowa da ƙofarsa, amma banɗaki da wurin girki na tarayya ne. Akwai kuma mai banɗaki da kicin a ciki, ka rufe ƙofarka ba ruwanka da kowa. Tazarar kuɗinsu babba ce. Idan ba ka fayyace ba tun a waya, za a yi ta yawo da kai cikin rana ana nuna maka abin da ba ka tambaya ba. Ɗaki ɗaya mai banɗaki, wanda 'yan makaranta ke kira selkon, shi ma daban ne, kada a haɗa maka su.

Daga nan sai wuri. Ka tambayi kanka ina za ka riƙa zuwa kullum. Mai karatu a babban harabar Samaru, layukan da ke tsakanin kasuwa da babban get, da Danraka, da Hayin Dogo, su ne kusa. Mai karatun shari'a ko harkokin mulki a harabar jami'ar ta Kongo yake, kuma daga Samaru zuwa Kongo tafiya ce ta mota mai cin kuɗi da lokaci, gara ya nemi Tudun Wada ko Gyallesu. Ɗalibin likitanci da ya kai matakin asibiti Shika zai riƙa zuwa, inda asibitin koyarwa na jami'ar yake. Palladan, Zango, Layin Zomo, Hanwa da Bomo sukan ba ka fili da sauƙin hayaniya, sai dai akasari sai ka hau abin hawa.

A nan ne mutane ke yin kuskuren lissafi. A ɗauka, misali kawai, keke yana kai ka get a naira 300 ya dawo da kai a 300. Kwana 22 a wata, wata tara a shekara, ya kama naira 118,800. Gidan nesa da ya fi na kusa araha da naira 80,000 ashe shi ne mai tsada. Ka sa kuɗin motar ranar da kake lissafin, ka ga abin da zai fito. A ɗaya ɓangaren, tsakiyar gari na da nata haraji: ƙarar injin niƙa, janaretocin masu shaguna, gidan kallon ƙwallo, layuka matsattsu, da ƙurar babban titi.

Kasafinka kuma kada ya tsaya a kuɗin haya. A Samaru, kamar sauran garuruwan Najeriya, shekara guda ake biya gaba ɗaya. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ce, akwai kuɗin ajiya na ɓarna a gidajen da ke karɓa, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya idan lauya ne ke kula da gidan, sannan kwaɗo, feshi, labule, ledar ƙasa, ragar taga da kuɗin kwashe kaya. Idan abin da ke hannunka naira 500,000 ne, nemi gidan da bai wuce 380,000 zuwa 400,000 ba. Wanda ya zuba duka a haya yakan tare a ɗaki babu ko ƙwan fitila.

Lokacin nema

Mafi munin lokaci shi ne makonnin rajistar sababbin ɗalibai. Mafi kyau shi ne lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke gama jarrabawa suna haɗa kaya, da lokacin da rukunin masu bautar ƙasa ke kammalawa. Ka fara cigiya wata biyu kafin ranar da kake son tarewa.

Damina da rani kowanne na tona asirin gida ta fuskarsa. Agusta, tsakiyar ruwa, za ta nuna maka yoyo, danshin bango da layin da ke zama taɓo. Maris da Afrilu za su nuna maka ko rijiya na ƙafewa da yadda ɗaki ke riƙe zafi. Ba za ka ga duka biyun a zuwa ɗaya ba, saboda haka abin da lokacin zuwanka ya ɓoye sai ka tambayo shi wurin maƙwabta.

Dillali

Hanya mafi sauƙi ita ce ta bakin wanda zai tashi. Ka sanar da abokan karatu, ma'aikatan sashenku, mai shagon layi, limamin masallacin unguwa. Gidaje masu kyau da yawa ba sa kaiwa hannun dillali. In ta kama sai da dillali, nemi wanda ake sanin mazauninsa, wanda wani da ka yarda da shi ya taɓa kama gida ta hannunsa. Kafin ku taka ko'ina ku yi magana uku: nawa ne kuɗin kai ka dubawa, gida nawa zai nuna maka da wannan kuɗin, kuma la'adarsa nawa ce in an daidaita. Ka tambaye shi kai tsaye ko shi ne ke da alaƙa da mai gidan ko ta hannun wani dillalin ya ji. Idan dillalai uku suka jeru a kan gida ɗaya, kowa sai ya ɗora nasa, kuɗin da za a faɗa maka ba shi ne wanda mai gida ya yanka ba.

Hoton da aka turo ta WhatsApp ko aka sa a Facebook ba hujja ba ne. Kada ka tura ko sisi da sunan a riƙe maka gidan da ba ka shiga da ƙafarka ba. Idan kana nesa, tura ɗan'uwa ko aboki ya kira ka ta bidiyo daga cikin ɗakin.

Abin da za ka faɗa tun farko: kai gwauro ne ko mai iyali, ku nawa ne, me kake yi. Wasu masu gidaje ba sa ba marar aure, wasu ba sa ba ɗalibai, wasu ba sa ba mace ita kaɗai sai sun ga mahaifinta ko wani babba nata. Ɓoye wannan ba ya haifar da komai sai rigima bayan an biya. Ɗaliba ta je duba gida da rana, tare da wani nata, kada ta bi dillalin da ba ta sani ba ita kaɗai.

Duban gida

Ka tafi da tocila, cajar waya, awon tef ko igiya, da biro da takarda. Ka ware aƙalla minti 40. Dillali zai yi ta duba agogo, ka bar shi ya duba.

Fara daga waje. Tsaya a bakin ƙofa ka kwatanta tsayin titi da daɓen gidan. A tsofaffin layuka ana ta cika hanya da ƙasa shekara da shekaru har ta fi gidaje tudu, ruwan sama kuwa gangare yake bi. Idan ka ga an gina ɗan dakali a bakin ƙofar shiga wanda sai ka tsallaka, to an taɓa yin fama da ruwa. Dubi kwata: tana gudu ko ta tsaya ta yi kore? Kwatar da ke kwance a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana sauro ce da wari har ka tashi.

Ruwa shi ne babbar tambaya a Zariya, kuma a kansa ya kamata ka fi daɗewa. Kada ka karɓi amsar "akwai ruwa". Tambayi daga ina yake zuwa. In rijiya ce, leƙa da tocila, ka jefa guga ka ɗebo, ka duba launi ka sansana. Auna tazarar rijiyar da ramin masai da taku. Ma'aikatan lafiya suna son a sami aƙalla mita 15, an fi son 30, kuma a cunkoson tsakiyar gari da wuya a samu. In sun yi kusa, ruwan na wanki ne da wanka, na sha sai ka saya ko ka tafasa. In rijiyar burtsatse ce, tambayi girman tankin da yawan mutanen gidan, da wanda ke kunna injin, da yadda ake yi idan an kwana uku babu wuta. Mutum ɗaya mai banɗakin zamani yana cin kamar jarka biyu zuwa uku mai lita 25 a rana, wanka da alwala da girki da kora masai. Tankin lita 1,000 a gidan mutum goma sha biyar da ƙyar zai kai kwana ɗaya. Ka nemi ɗan garuwan layin ka tambaye shi ko yana kawo ruwa gidan nan, a wane wata, jarka nawa-nawa. Ba wanda ya fi shi sanin gaskiyar rijiyoyin unguwa.

Sai wuta. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke ba Zariya, kuma an kasa layukan wuta rukuni-rukuni: rukunin A alkawarinsa awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Tun Afrilun 2024 kuɗin yunit a rukunin A ya haura naira 200, ya ninka na sauran rukunai nesa ba kusa ba. Saboda haka ka san rukunin layin da gidan yake, domin wuta mai yawa tana zuwa da kuɗi mai yawa. Rasit ɗin sayen kati na ƙarshe zai nuna maka kuɗin da aka biya da yunit ɗin da aka samu.

Mafi kwanciyar hankali shi ne ciki da falon da ke da mitarsa ta kati shi kaɗai. Ka rubuta lambar mitar, ka sayi wutar kuɗi kaɗan a gaban mai gida ko wakilinsa. Idan yunit ɗin da ya fito bai kai na kuɗin ba, akwai tsohon bashi a kan mitar da ake cirewa a hankali, kuma sai an warware wanda zai biya shi kafin ka shiga. Idan mita ɗaya ce ga gida duka, tambayi yadda ake raba kuɗi. Fanka tana cin kamar wat 70, awa goma bai kai yunit ɗaya ba. Rishon lantarki, dutsen guga da hitar ruwa kowanne yana cin wat 1,000 ko fiye, awa ɗaya yunit ɗaya ko fiye. Raba kuɗi daidai tsakanin mai fanka da mai risho shi ne asalin yawancin faɗan gidan haya. Maganinsa ƙaramar mita ta ƙirga a kan layinka, mai gyaran wuta zai sa maka. Ka kuma bi wayar da ta shigo gidan da ido. In ka ga wata ta zagaye mita ta shige ciki, satar wuta ce, kuma ranar da ma'aikata suka zo wanda suka tarar a gidan shi za su fara tuhuma.

A ciki, ɗaga kai kafin ka kalli ƙasa. Tabo mai ruwan ƙasa a silin yoyo ne. Silin da ya yi ciki ya lotsa ya sha ruwa ya ƙoshi. Sabon fenti a kusurwa ɗaya kawai, sauran silin tsoho, ana rufe wani abu ne. Hadarin wannan yanki daga gabas yake tasowa da iska, don haka bango da tagar gabas su ne ruwa ke duka, ka duba ƙarƙashin tagar ko akwai sawun gangarowar ruwa. Bangon yamma shi ne ke shan ranar la'asar, in ɗakin kwana na jikinsa kuma rufin kwano ne marar tsayi, daren Afrilu zai yi wuya. Taga biyu a bango daban-daban, yadda iska za ta shiga ta fita, ta fi tayil mai ƙyalli amfani.

Sauko da ido ƙasan bango. Idan fenti ya kumbura yana ɓarewa daga daɓe zuwa gwiwa, da farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa daga tushe. Fenti ba ya maganinsa. Zai ɓata katifa, littattafai da takardun shaida, kuma mai asma zai sha wahala. Wannan aibi ne da ya isa ka bar gida.

Ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga. In ya yi ƙarar holoƙo ko ka ga siririn layin ƙasa yana hawa bango, gara ce. Haska tocila a tsagar bango, bayan soket da gefen katako: ɗige-ɗige baƙaƙe kashin kuɗin cizo ne, kuma gidajen da ɗalibai ke shiga suna fita sun fi fama da shi. Gwada kowane soket da cajarka, ka taɓa kowane makunni. Soket mai baƙin ƙuna alama ce ta waya siririya ko haɗin da ya saki. In babu wuta a lokacin, ka dawo. Auna ɗakin: katifa mai ƙafa shida da shida a ɗakin ƙafa goma da goma ba za ta bar maka wurin teburin karatu ba. Duba sabis na layin wayarka a cikin ɗakin kwana, ƙofa a rufe, ba a tsakar gida ba.

A banɗaki, zuba bokitin ruwa a ƙasa ka tsaya ka ga inda zai bi. In ya nufi ƙofa ko ya kwanta a kusurwa, an yi daɓen ba gangare, kullum sai ka share da tsintsiya. Zuba wani bokitin a masai. Ya kamata ya wuce nan take. In ya taso ya yi jinkiri yana gurguri, ko bututu ya toshe ko ramin ya cika, kuma kwashe rami kuɗi ne mai yawa da ya kamata a san mai biyansa. Zagaya bayan banɗakin ka ga bangon: jiƙaƙƙen bango bututu ne ya fashe a ciki. Kicin kuma ya kasance da taga, saboda tukunyar gas ba ta son wuri rufaffe. In gidan ana kunna janareta, duba inda ake ajiye shi. Hayaƙinsa yana kisa cikin barci, bai kamata ya zauna a baranda ko ƙarƙashin tagar kowa ba.

Tsaro: ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, ƙarfen taga da aka kafa cikin siminti ba wanda aka ɗaura da ƙusa ba, da bangon da ke tsakaninka da maƙwabci ya kai har rufi. A wasu gidaje bangon ya tsaya a silin, mutum zai iya hawa ta ɗaki ɗaya ya sauka a wani. Ɗaga murfin silin ka haska. Tambayi ƙarfe nawa ake rufe get, wa ke riƙe da makulli, ko layin na da 'yan sintiri da abin da ake ba su a wata.

In gidan ya kwanta maka, koma sau biyu ba tare da dillali ba, sau ɗaya da dare bayan isha'i, sau ɗaya da sassafe. Ka yi sallama da wani ɗan haya ka tambaye shi abu huɗu: me ya tashi wanda ya bar ɗakin, in abu ya lalace mai gida na gyarawa, yaushe aka yi ƙarin haya na ƙarshe, kuma an taɓa shiga sata.

Wa ke da gidan?

Wannan mataki shi ne wanda gaggawa ke sa a tsallake, kuma a nan ake asarar kuɗin shekara ɗungurungum. Dole ka ga mai gida ido da ido, ko wakilin da mai gida ya tabbatar maka da bakinsa. Ka tambayi tsofaffin 'yan haya wa suke ba kuɗi. Ka je wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka ce: "Ranka ya daɗe, gidan Alhaji wane nake son kamawa, na ce bari in zo in gaishe ka in ji ko akwai wata magana a kansa." In gidan gado ne da ba a raba ba, ko ana shari'a a kansa, ko an sa shi a kasuwa, a nan za ka ji. Gidan magada ba laifi ba ne, amma sai ka san wanda suka wakilta ya karɓi haya, in ba haka ba wani ɗan gidan zai zo daga baya ya ce bai san da kai ba.

Hattara da ɗalibin da zai tashi ya ce saura wata biyar a kuɗinsa, ka ba shi ka shiga. Yana iya zama gaskiya, amma in mai gida bai amince ba, kai baƙo ne a idonsa. Ku je wurinsa tare, a rubuta sunanka.

Hattara kuma da gidan da ba a gama ba. "Kawo kuɗin a sa tayil da ƙofofi, nan da sati biyu ka tare" magana ce da ke kai mutum wata uku yana kwana a ɗakin aboki. In ka ga dole sai shi, biya rabi, a rubuta ayyukan da suka rage ɗaya bayan ɗaya da ranar gamawa, kuma shekararka ta fara ƙirguwa daga ranar da aka miƙa maka makulli.

Ciniki da takarda

Ka yi ciniki da ladabi, da mai gida ba da dillali ba, domin la'adar dillali tana ƙaruwa ne in kuɗin ya ƙaru. Jerin gyare-gyaren da ka rubuta shi ne abin cinikinka. "Baba, gidan ya yi mini, sai dai silin ɗaki na yoyo, famfon kicin kuma ba ya aiki. Ko a gyara kafin in shiga, ko in gyara a cire a kuɗin haya." In an yarda ka gyara, a kira mai aikin ya yanka kuɗi a gaban ku biyu, a rubuta. Gyaran da ka yi da kanka ba da izini a rubuce ba, kyauta ka yi wa gidan.

Ko mai gida ya ce shi mutumin kirki ne ba ya buƙatar takarda, ka roƙe shi a rubuta, ko da hannu ne a shafi ɗaya, da Hausa ma ya yi. Mutum na tafiya, yana rashin lafiya, yana rasuwa, magada kuma takarda suka sani. Ta ƙunshi cikakken sunanku, adireshin gidan da wane sashe ne naka, kuɗin da abin da ya ƙunsa, ranar farawa da ranar ƙarewa, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, wanda ke da alhakin rufi, injin ruwa, kwashe masai da babbar wayar wuta (bisa al'ada mai gida), da wanda ke da ƙananan abubuwa irin ƙwan fitila da kan famfo (kai). A sa wata nawa za a sanar da kai kafin ƙarin haya, da ko an yarda ka zauna da abokin zama ko ka sa wani a madadinka. Dokokin gida, irin lokacin rufe get da zuwan baƙi, su ma a rubuta su tun yanzu. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka, kowa ya riƙe kwafi.

Akwai abin da ya keɓanta da garin jami'a: yajin aiki. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a 2020 ma an yi kusan wata tara. Haya ba ta tsayawa don makaranta ta tsaya. Da wuya mai gida ya yarda ya yafe, amma za ka iya neman a rubuta cewa in an rufe makaranta kana da damar sa wani da saninsa, ko a ba ka damar sabunta wata shida maimakon shekara in karatunka ya kusa ƙarewa. Ɗan ajin ƙarshe ya fi kowa buƙatar wannan sharaɗi.

Sai biya. Tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gida ko wakilin da aka rubuta a takarda, ka rubuta a bayanin turawa cewa kuɗin hayar gida kaza ne daga wata kaza zuwa wata kaza. In sunan da ya fito ba shi ba ne, tsaya ka tambaya. La'adar dillali ka ba shi daban, bayan makulli ya shigo hannunka. Karɓi rasit mai sa hannu a ranar, ka ɗauki hotonsa da na yarjejeniyar ka tura wa wani naka ya ajiye.

Makon farko

Kafin kaya su shiga, ɗauki bidiyon ko'ina: tsagar tayil, gilashin da ya fashe, tabon bango, lambar da ke kan mita. Tura wa mai gida ta waya don ranar ta zauna a rubuce. Canja kwaɗo da kan makulli a ranar farko, domin ba ka san mutum nawa ne suka riƙe na da ba. Yi feshi ɗakin na wofi, ka rufe shi, ka buɗe tagogi ya sha iska sosai kafin ka kwana. In ka ga alamar kuɗin cizo, maimaita feshin bayan kwana goma zuwa sati biyu, saboda na farko ba ya kashe ƙwai. Kada ka sa maganin ƙwarin gona ko ƙwayar adana hatsi a ɗakin kwana, sun kashe mutane, har da na ɗakin maƙwabta. Toshe ramukan ɓera da siminti, sa raga a taga, ɗora katifa a kan katako in daɓen siminti ne. Ka shiga wurin maƙwabta ka gaisa, ka ji ranar shara da wankin tsakar gida da kuɗin da ake haɗawa, ka karɓi lambar mai gyaran wuta da ta mai famfo da suka saba kira.

Sabuntawa ko tashi

Wata uku kafin ƙarshen shekara ka faɗa wa mai gida ko za ka ci gaba ko za ka tashi, ka kuma tambayi kuɗin shekara mai zuwa. Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ita ce mai hayar shekara-shekara a ba shi sanarwar wata shida, mai hayar wata-wata wata ɗaya, bayan nan a ba shi takardar kwana bakwai kafin a kai magana kotu. Amma in takardarku ta yanka ranar ƙarewa, haya na ƙarewa a ranar, kada ka dogara da wata shida. Ko yaya ne, mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, yaye kwano ko fitar da kayanka da hannunsa, sai da umarnin kotu. In ta kai ga haka, fara da mai unguwa, in ba ta warware ba ka nemi lauya da takardunka a hannu.

Ranar tashi, kwashe kaya, share gida, biya kuɗin wuta da na sintiri da ke kanka, ka kira mai gida ku zagaya tare da bidiyon ranar shiga a wayarka. Tsufan fenti da lalacewar yau da kullum ba ɓarna ba ce. Gilashin da ka fasa ko ƙofar da ka ɓalla ita ce ɓarna, a kira mai gyara ya faɗi kuɗinta a cire daga ajiyarka. Abin da ya rage a ba ka a wurin, ko a rubuta ranar da za a ba ka a bayan rasit ɗinka, mai gida ya sa hannu, sannan ka miƙa makulli.